Totur ya maƙale ina tsakiyar gudu: me ya faru, me ya kamata in yi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da mota otomatik 'yar Kwatano, ƙirar 2009. Makon jiya na taso daga Kano za ni Zariya, bayan na wuce Kwanar Dangora na taka totur sosai don in wuce wata tirela. Da na ɗaga ƙafa sai motar ta ƙi sassautawa, wuta ma take ƙarawa. Na taka birki ya ɗan kama, na saki na sake takawa, a na uku sai ya ƙame ƙam. Ƙanena da ke gefena ya ce in kashe ta. Na murɗa makulli, sitiyari ya yi nauyi, da ƙyar na gangara gefen titi. Da muka sake tayar da ita sai ga ta lafiya lau. Makanikina ya ce kwamfutar motar ce, sai an canza. Me ya faru? Me ya kamata in yi a lokacin? Kuma in sayar da ita ne? Tun ranar ban ƙara taɓa ta ba."

Wa alaikumus salam. Barka da arziki Malam, kai da ƙaninka, Allah ya kiyaye gaba. Ka yi daidai da ka ajiye motar. Tambayarka uku ce: abin da ya riƙe totur, abin da direba zai yi a irin wannan hali, da makomar motar. Zan fara da ta tsakiya, domin ita ce mai ceton rai, kuma ita ce kowa zai iya amfani da ita ko wace mota yake ja.

Birki a danne, giya a firi

Idan mota ta ƙwace da kanta, abu biyu za ka yi kusan a tare. Ka danne birki da iyakar ƙarfinka, da ƙafa biyu in ta kama, kada ka saki. Sannan ka tura giya zuwa firi, wato harafin N. In motar mai kuloci ce, ka danne kuloci ƙasa, magana ta ƙare. Daga nan sai ka kunna tirafiketa, ka nemi gefen titi, ka tsaya cak, sannan ka kashe injin. Kashewa ita ce ta ƙarshe, ba ta farko ba.

Abin da ke hana mutane sa firi shi ne ƙara. Da zarar giya ta fita, injin zai kurma ihun da ba ka taɓa jin irinsa ba, allurar da ke nuna juyinsa ta haye jan layi, sai zuciya ta ce maka fashewa zai yi. Ƙyale shi. Kamar injin niƙa ne da aka zare wa bel: ruri yake yi, amma ba ya juya komai. Motocin zamani masu injekta suna da iyaka a kwamfutarsu, idan juyin injin ya kai wani mataki sai ta riƙa yanke mai, shi ya sa za ka ji ƙarar tana tsinkewa tana dawowa. Tsofaffin masu kabireto, irin su Fijo 504, ba su da wannan kariya, injin zai iya lalacewa in aka bar shi ya daɗe a haka. To ko ya lalace, injin ana sayensa a kasuwa.

A yawancin motoci otomatik, daga D zuwa N ba sai ka danna maɓallin da ke kan sandar giya ba. Turawa kawai za ka yi da tafin hannu, za ta tsaya a N da kanta, ba za ta zarce R ba sai an danna maɓallin. Don haka kada ka danna shi. Sai dai akwai masu giyar da hanyarta ke lanƙwasa, masu wani lungu a gefe da aka rubuta S ko alamar ƙari da ragi. Idan sandar tana cikin wannan lungu, duk turawar da za ka yi gaba ƙarin giya kawai kake yi, sai ka fara dawo da ita D tukuna. Kuma ka gaya wa ƙaninka: wanda ke kujerar gaba zai iya buge sandar nan zuwa firi da hannunsa, ya bar direba da sitiyari da birki.

Abin da ya sa birkinka ya ƙame

Wannan ɓangaren labarinka ne ya fi ba ni haske. Buɗe bonet ka duba daidai gaban direba, za ka ga wata baƙar tukunya ta ƙarfe manne da bangon mota, kwalbar man birki tana zaune a gabanta. Aikinta ninka ƙarfin ƙafarka, kuma da zuƙar iskar injin take aiki. Injin fetur yana samar da wannan zuƙa ne lokacin da totur yake rufe ko kusa da rufewa. Idan totur ya buɗe gaba ɗaya, zuƙar ta tafi, sai ɗan abin da ya saura a tukunyar, wanda ba ya wuce taku biyu ko uku. Ka taka na farko ya kama. Ka saki, ka sake, ka cinye ajiyar. A na uku ka koma birki da ƙarfin cinyarka kaɗai.

Mun gaji al'adar "famfo" daga tsofaffin direbobin da suka yi zamani da motocin da birkinsu ke shan iska, kuma a wurinsu tana da amfani. A nan ita ce ke kashewa. Ko bayan birkin ya ƙame, bai mutu ba, ƙarfi yake nema. Ka jingina bayanka da kujera, ka riƙe sitiyari, ka tokare shi kamar za ka karya shi.

Mutane ba sa yarda cewa birki ya fi injin ƙarfi, amma an gwada. Lokacin da ake ta cece-kuce kan wannan matsala a Amurka, mujallar Car and Driver ta ɗauki Camry mai silinda shida, aka danne totur ƙasa tana gudun mil 70 a awa, kimanin kilomita 113 ke nan, aka taka birki totur yana danne. Ta tsaya a ƙafa 190. Ba tare da totur ba tana tsayawa a ƙafa 174. Bambancin bai kai mita biyar cikakku ba. Sharaɗin shi ne taku ɗaya mai ƙarfi har a tsaya. Wanda ya ɗan ɗora ƙafa yana lallaba birki, yana fatan motar za ta huce, zafi yake tara wa faifan da fatar birkin, kuma birkin da ya gasu ba ya kamu komai ƙarfin mai takawa. Ka kuma tuna cewa sabuwar mota aka gwada. Tamu da ke yawo da fatar birki ta jabu da man da ya shekara biyar ba a canza ba, kada ka jingina rayuwarka a kan birki shi kaɗai. Shi ya sa firi ta zama dole.

Kashe injin da birkin hannu

Shawarar ƙaninka ta yi aiki, amma Allah ne ya rufa asiri titin a miƙe yake. Injin na mutuwa, taimakon sitiyari ya tafi, na birki ma ya tafi. Abin da ya fi wannan muni, a motoci masu kuloci da wasu tsofaffin otomatik, idan ka murɗa makulli har ƙarshe cikin firgici, sitiyari zai iya kullewa motar tana gudu. In har giya ta ƙi fita, babu makawa sai an kashe, to ka murɗa mataki ɗaya tak, ka bar makullin a ciki. Masu maɓallin tayarwa kuma su sani, dannawa ɗaya ba ta kashe mota tana tafiya. A Toyota da Lexus na zamanin motarka sai an danne shi na daƙiƙa uku, a wasu kamfanonin kuma dannawa uku a jere da sauri ma tana kashewa. Daƙiƙa uku a gudun 120 mita ɗari ne, ka ga ba abin da za ka fara koya a ranar ba ne.

Don ka san mutuwar injin a tsakiyar gudu ba wasa ba ce: a 2014 kamfanin General Motors ya janye motoci kimanin miliyan 2.6, wato ya kira masu su su kawo su gyara, saboda ramin makullinsu yana juyawa da kansa ya kashe injin, kuma asusun diyyar kamfanin ya amince da mutuwar mutum 124 a sanadin haka. Ina faɗar wannan ne har da direbobin haya da nake gani, musamman tun da mai ya yi tsada a 2023, suna kashe mota a gangare don tattalin fetur. Wanda ya yi haka a Hawan Kibo da fasinja a mota, ba tattali yake yi ba.

Birkin hannu tayoyin baya kawai yake riƙewa. Ka fizge shi a gudu, su ƙame, bayan mota ya zagayo gaba. In za a taɓa shi, sai bayan gudu ya ragu sosai, a ja shi sannu-sannu yatsa yana kan maɓallinsa. Kada kuma ka sunkuya ka ce za ka ciro totur da hannu. Sa ɗan yatsan ƙafa a ƙarƙashinsa a ɗago shi yana aiki wani lokaci, amma bayan giya ta shiga firi.

To me ya riƙe totur ɗin?

Ban ga motarka ba, ba ka kuma faɗi kamfaninta ba, saboda haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba. Amma akwai tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya kawo min irin wannan a gareji: da ka ɗaga ƙafa, fedar ta biyo ƙafarka ta dawo sama, ko ta zauna a ƙasa? In ta zauna, wani abu ne ya riƙe ta, ko ita kanta ta cije. In ta dawo amma injin ya ci gaba da ruri, sai mu koma cikin bonet.

Labarinka ya fi kama da na farko. Abin ya faru daidai lokacin da ka danne totur har ƙasa, kuma da kuka tsaya ya warware da kansa. Wannan halin shimfiɗar ƙafa ne. Bakin fedar yana sauka ya shige ƙarƙashin leɓen shimfiɗar roba mai kauri, ya kasa dawowa. Da ka tsaya, ka motsa ƙafa, ka fita ka shigo, shimfiɗar ta ja baya, shaida ta ɓace. Mu kuma mun iya jibga su: kafet ɗin kamfani a ƙasa, na roba a kansa saboda damina, wani lokaci har da guntun darduma a sama don kwalliya, babu wanda aka maƙala a ƙugiyarsa. Masu wankin mota su ciro su mayar yadda suka ga dama, na fasinja ya koma wajen direba. Na sha ciro robar ruwa, kwalbar turare, takalmin yaro da cazar waya daga ƙarƙashin feda. Silifas ma yana maƙalewa, haka bakin babbar riga da zani.

Kada ka raina shimfiɗa. A watan Agustan 2009, kusa da San Diego a jihar Kalifoniya, wani ɗan sandan babbar hanya yana tuƙa Lexus ES350 da dillali ya ara masa, tare da matarsa da 'yarsa da ɗan'uwan matar. Totur ya maƙale, motar ta haura mil 100 a awa, duka huɗun suka rasu. Bincike ya nuna an sa wa motar shimfiɗar roba ta wata ƙirar daban, wadda ta fi tsawo, kuma birkin ya ƙone saboda daɗewa ana takawa. Mutum ne da aikinsa ke nan tuƙi a babban titi. Wani da ya ari motar kwanaki kaɗan kafin nan ya gamu da matsalar ya kai ƙorafi, ba a cire shimfiɗar ba.

Wannan haɗari ne ya buɗe babbar janyewar Toyota. A ƙarshen 2009 ta kira motoci kusan miliyan 4 a Amurka kan batun shimfiɗa, aka rage tsawon feda, aka canza shimfiɗu, aka kuma sa wa wasu tsarin da ke yanke wutar injin idan aka taka birki da totur tare. A Janairun 2010 ta sake kiran miliyan 2.3 saboda wata matsala daban: fedar da kanta tana cijewa ko ta dawo a hankali idan wani ɓangare na cikinta ya goge ya sha danshi. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai Camry ta 2007 zuwa 2010, Corolla ta 2009 da 2010, da Avalon ta 2005 zuwa 2010. A 2014 kamfanin ya biya gwamnatin Amurka dala biliyan 1.2 kan ɓoye abin da ya sani. Abin da ya sa na kawo wannan tarihi, motocin nan su ne suka cika titunanmu yau, kuma ba kowace ce mai ita ya kai gyara ba kafin a loda ta a jirgin ruwa. In taka 'yar Amurka ce, ko wane kamfani ne, ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ka sa ta a shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, za ta iya nuna maka ko akwai gyaran janyewa da ba a yi ba, sai dai janyewar da ta haura shekara 15 ba lallai ta fito ba. Kyauta ne.

Ga masu tsofaffin motoci irin su Golf 3 da Vectra, waɗanda waya ce ta taso daga feda zuwa injin, labarin daban ne. Wayar tana tsufa, zarenta ya warware a cikin rigarsa ya cije. Sifirin ɗin da ke mayar da totur yana tsinkewa, wani makanikin ya ɗaura robar tiyub a madadinsa, zafin injin ya cinye ta. Ƙurar hunturu da baƙin mai suna haɗuwa su yi danƙo a bakin injekta, faifan da ke buɗe wa iska hanya ya riƙa maƙalewa. Duk waɗannan suna ba da sanarwa kafin ranar: feda ta yi nauyi, ko mota ta riƙa jan wuta a tsaye.

Motocin dizal, irin su wasu bas-bas da manyan motoci, suna da tasu masifar. Idan tabo (turbo) ya lalace ya fara zubo baƙin mai cikin hanyar iska, injin zai koma shan baƙin mansa, ya yi ta ruri yana tuttuɗo hayaƙi ko an zare makulli. Ba ya mutuwa sai an toshe masa iska, ko a sa babbar giya, a danne birki, a saki kuloci ya shaƙe.

Maganar kwamfuta

Ban ce makanikinka ya yi ƙarya ba, amma ya fara daga inda ya kamata a ƙare. Motar 2009 kusan tabbas ba ta da wayar totur, lantarki ne. A jikin fedar akwai na'urar auna taku guda biyu, a bakin injekta ma biyu, kwamfuta tana gwada su da juna kowane lokaci. Idan suka saɓa, abin da aka tsara ta yi shi ne ta rage wa motar ƙarfi, ta kunna fitilar gargaɗi, ta kuma ajiye lambar laifin. Shi ya sa lalacewar lantarki a wannan wuri ta fi zuwa da mota mai kasala, ba mai ƙwacewa ba. Gwamnatin Amurka ta sa injiniyoyin NASA sun binciki lantarkin Toyota, a Fabrairun 2011 suka ce ba su sami aibin da zai buɗe totur haka ba. Duk da haka a 2013 masu taya alƙali hukunci a Oklahoma sun ɗora wa kamfanin laifi a shari'ar wata Camry ta 2005, bayan masana sun soki yadda aka rubuta manhajarta. Ke nan ƙofar ba a rufe take ruf ba. Ni dai a abin da ya ratsa hannuna, in lantarki ne, hannun mutum nake tararwa: wayoyin da rewaya ya yanke ya haɗa da salatif, soket ɗin da ruwa ya shiga wajen wankin injin, ko motar da ambaliya ta ci a can aka busar aka kawo mana.

Akwai kuma dalilin da ba mai son a faɗa masa: ƙafa ta sauka kan totur, mai ita ya rantse birki yake takawa. Haka binciken 1989 ya gano a yawancin ƙorafin da aka yi kan Audi 5000, kuma daga wannan rikici ne ya zama ruwan dare mota otomatik ba ta fita daga P sai an taka birki. A 2010 da aka karanta na'urar ajiyar bayanai ta motocin Toyota 58 da suka yi haɗari, a 35 ba a taɓa birki ba sam. Ya fi faruwa wajen fakin, ko ga wanda bai saba da motar ba, ko mai tuƙa otomatik da ƙafa biyu. Kai ban sa ka a wannan layi ba, domin birkin da ya kama sau biyu sannan ya ƙame alama ce ƙafarka tana inda ya dace, totur kuma a buɗe yake.

Kafin ka sake hawa titi

Motar tana kashe, ka durƙusa da tocila ka duba wajen ƙafa. Fitar da duk shimfiɗar da ba ta kamfani ba, ta kamfanin kuma ta zauna a ƙugiyoyinta, ɗaya tak. Danna fedar da hannu har ƙasa sau da yawa, ka saki, ka ji ko tana dawowa da ƙarfi ba gargada. Duba ko bakinta ya bar sawu a jikin roba. Sannan a kawo mai na'ura ya karanta kwamfutar kafin kowa ya cire kan batir, don cirewar tana iya goge abin da aka ajiye. A buɗe bakin injekta a duba, a bi wayoyin feda. Idan na'ura ba ta nuna komai ba, shimfiɗa kuma ta nuna sawu, ba ka da dalilin sayen kwamfuta, balle ta gwanjo da ba ka san tarihinta ba.

A duba birkin ma, tunda ya sha wahala: fata, faifai, da mai. Gwajin tukunyar nan kuwa da kanka za ka yi. Mota a kashe, taka birki sau biyar har ya ƙame, riƙe shi, tayar da injin. In ya ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka, tana aiki. Ka lura da taurin da ya yi kafin ka tayar, shi ne ka ji a hanya.

Daga nan ka sami fili babu mutane, kamar filin idi ranar da ba komai, kana tafiya a gudun 20 ko 30, ka tura giya daga D zuwa N ba tare da ka kalle ta ba, ka taka birki ka tsaya. Maimaita har hannu ya haddace wurin. Duk wanda ke jan motar a gidanka, uwargida ko yaro, shi ma ya yi.

Batun sayarwa, in an gano dalilin an gyara, ban ga abin da zai sa ka rabu da ita ba, wadda za ka saya ma da irin shimfiɗarta za ta zo. In an bincika duka ba a ga komai ba, ko ta sake yi ko sau ɗaya, kada ta ɗauki iyalinka, ka kai ta wurin wakilan kamfanin ko ƙwararren mai lantarkin mota su canza feda da bakin injekta da sababbi na asali. Idan kuma hankalinka ya ƙi kwanciya ka yanke shawarar sayarwa, ka gaya wa mai saye abin da ta yi maka a hanyar Zariya, a gaban dillali, kafin a yi ciniki.